Yadda Aka Aiki Kawu Neman Izinin Bakinsa

Kafin in shiga labarin, wajibi ne in bayyana inda na samo shi, domin mai karatu ya san gwargwadon nauyin da zai ɗora wa kowace magana. Madogarata ta farko ita ce idona da kunnena, saboda ni ne akawun kwamitin da zan yi bayani a kansa, kuma ban taɓa fashin zama ba. Ta biyu ita ce mahaifiyata, wadda ba ta halarci zama ko ɗaya ba, amma ba ta taɓa shakkar abin da ya gudana a cikinsu ba. Ta uku wani tela ne, ɗan majalisa daga ɓangaren hamayya, mutum mai ƙarfin tunawa, sai dai duk sa'ad da ya maimaita labarin, jawabin da ya ce ya yi yakan ƙara tsawo. Ta huɗu kawuna ne, wan mahaifiyata, wanda al'amarin ya shafa fiye da kowa. Na ambace shi cikin madogarai don ladabi kawai, amma bai ƙara mini komai ba.

Shekarar kuwa ban iya tsayar da ita ba. Abin da na tabbatar shi ne, an riga an fara zaɓen wakilai zuwa ƙananan majalisu, kuma ba a kai ga samun 'yancin kai ba. Mahaifiyata tana auna lokacin da yayen ƙanwata, tela yana auna shi da sayen kekensa na ɗinki, ma'aunan biyu kuma sun ƙi haɗuwa. Takardun zaman na miƙa su ofis da hannuna. Da na koma nemansu bayan 'yancin kai, sai aka ce mini an kwashe su zuwa wani ɗaki, mai riƙe da makullin kuma ya yi tafiya. Cewa da bazara ne, wannan babu saɓani. Maganganun mutane na bar su da Sakkwatancinsu iyakar abin da na tuna, inda lafazi ya kuɓuce mini kuma na riƙe ma'ana. Sunaye na ɓoye su da gangan, domin 'ya'yan mutanen suna nan, muna kuma haɗuwa a masallaci.

A wajen Ƙofar Marke, kusa da wata rijiya, akwai wata babbar bishiya. Mahaifiyata ta ce durumi ce, tela ya ce ceɗiya ce, ni kuwa na zauna a ƙarƙashinta tun ina ƙarami ban taɓa ɗaga kai na duba ganyenta ba. Da safe ma'aunan gero da dawa ne suke baje buhunansu a inuwarta. Da la'asar kuma, tun da siyasa ta shigo gari, 'yan hamayya ne suke kafa tebur a gindinta suna lacca, saboda ba wanda ya yarda ya ba su ƙofar gidansa. Wata rana aka wayi gari leburori sun zo da gatura, kafin azahar bishiya ta kwanta. Ma'auna suka koma auna hatsi cikin rana, 'yan lacca kuma suka ga masu sauraronsu suna zamewa tun kafin a gama gaisuwa.

Unguwanninmu suna da wata ƙaramar majalisa a lokacin, mai kula da rijiyoyi da rumfunan kasuwa da shara. Wasu wakilan zaɓaɓɓu ne, daga jam'iyyu biyu, ɗaya mai rinjaye, ɗaya mai hamayya. Shugabanta kuwa naɗaɗɗe ne, wani dattijo da kowa ke kira Maigida, wanda ba ya cika zuwa zama. A gidansa yake yanke shawara, cikin soron ciki, sannan ya aiko. Mai kawo aiken shi ne kawuna. Jakadan majalisa ake ce masa. Yana da riga mai jan aiki a wuya, da keke na majalisa wanda yake goge shi da tsumma kowace safiya, kuma da wannan aikin yake riƙe gidansa tun kafin a haife ni.

'Yan hamayya suka yi ta kururuwa har majalisa ta kafa kwamitin bincike, da wakilai daga ɓangarorin biyu, ƙarƙashin wani Alhaji attajirin hatsi, mutum mai son zaman lafiya da gyangyaɗi. Ni kuma ban daɗe da dawowa daga kwaleji ba, da takardar shaida da alƙalami mai shan tawada, aka ɗauke ni akawu. Dokar majalisa ta ce duk ma'aikacinta da kwamiti ya kira ya ƙi ba da amsa, ana iya sallamarsa daga aiki. Na san wannan sarai, domin ni aka sa na karanta ta da ƙarfi a zaman farko, kawuna yana zaune a gabana a kan tabarmar shaidu.

Abin da ake nema a sani kaɗan ne. Shugaban leburori ya riga ya faɗa cewa jakada ne ya kawo masa umarni. Tambayar ita ce, su wane ne suke cikin soro lokacin da aka ba da saƙon, kuma me aka ce. 'Yan hamayya sun rantse manyan jam'iyya mai rinjaye ne suka je suka roƙi a raba su da inuwa. Masu rinjaye kuma sun ce duba-gari ne, wato jami'in tsabta, ya ba da shawara saboda saiwar tana fasa rijiya. Duba-garin an riga an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata gunduma mai nisa. Maigida kuwa ba wanda ya ko furta a kira shi. Saura kawu.

Alhaji ya gyara zama, ya fara a hankali.

"Malam jakada, kai kak kai ma leburori saƙon a sare iccen ga?"

"Awo, Alhaji, ni nik kai."

"Wa ya aike ka?"

"Mai aikena na kullum."

"To, madalla. Su wa kat tarar cikin soro sa'adda anka ba ka saƙon?"

Kawu ya dubi tabarma, ya cire wani ɗan tsinke daga jikinta, ya ajiye gefe.

"Wanga kam, Alhaji, ba nawa ba na. Saƙon da anka ba ni, na kai shi inda anka ce. Abin da anka hwaɗi kahin a ba ni, na mai soro na. In ya ce in hwaɗi, sai in hwaɗi."

Na rubuta wannan kalma da kalma, na ja layi a ƙarƙashi.

Sai tela ya miƙe. A nan dole in yi bayanin abin da duk wanda ke ɗakin ya sani: tela ɗan goggon kawu ne, wato taubasai ne, masu wasa tsakaninsu tun suna yara. A al'adarmu taubashi yana iya gaya wa taubashinsa abin da zai sa wani ya kai ƙara gaban alƙali, kuma wanda ya yi fushi shi ne abin dariya. Kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawansa, ba a kuma taɓa daidaitawa a kan wane ne mai gaskiya ba. Jam'iyyar hamayya ta zaɓi tela ya yi tambayoyi ne saboda kaifin harshensa. Ba su tuna da wasan taubasan ba.

"Kai bawana," in ji tela, "ɗaga kai ka dube ni."

"Yaushe bawa yas samu bawa?" in ji kawu, bai ɗaga ba.

"Nan ba gida ba na. Nan majalisa ta, ni kuma wakilin jama'a na. Jama'a na tambayarka, wa yac ce a raba talakawa da inuwarsu?"

"Wakilin jama'a, wandon da nib ba ka ɗinki tun ƙaramar salla, har yau ƙahwa guda gare shi. In jama'a sun jira ka, da tsiraici za su shiga 'yancin kai."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da 'yan kallo da suka cika tagogi. Tela ya juyo gare ni ya ce kada in rubuta. Wani dillalin tufafi daga ɓangaren masu rinjaye ya ce lallai in rubuta. Alhaji ya ce in rubuta cewa an yi dariya. Tela ya ce to, a rubuta cewa ɓangaren masu mulki ne suka yi dariya. Amma ni na ga haƙoran 'yan hamayya biyu a waje da idona, don haka na rubuta cewa an yi dariya daga ɓangarori dabam-dabam. Wannan jimla ita kaɗai ce kwamitin ya amince da ita gaba ɗaya a wannan rana.

A zaman farko masu rinjaye sun ji daɗin shirun kawu ƙwarai. Dillalin tufafi ya yi jawabi a kan amana, ya ce irin waɗannan mutane sun ƙare a duniya. A zama na biyu sai ya ga ya kamata ya ci moriyar mai amanar, ya tashi da murmushi.

"Malam jakada, ashe ba gaskiya ba ta, Maigida mutum na mai tausayin talakawa, mai son inuwa?"

"Ban taɓa ganinai zaune cikin rana ba."

"Madalla! Akawu, rubuta. To, ashe ba duba-gari yaz zo yac ce saiwar iccen na hwasa rijiya ba? Ka ce awo kawai, mu tashi."

"Ko ya zo ko bai zo ba, cikin soro na. Ba nawa ba na."

"Haba, malam, ai wagga amsa taimakon Maigida za ta yi!"

"In shina son taimako, ya san inda nike."

Dillali ya zauna, murmushin ya tafi. Daga ranar ban sake jin ya yi jawabi a kan amana ba.

A gida kuma wata shari'ar ake yi. Mahaifiyata ta sami labarin dokar sallama daga matan ma'auna, ta tare ni tun ban cire takalmi ba.

"Kai da alƙalaminka, ba ka iya rubuta ya amsa?"

"Inna, bai amsa ba."

"Yo ba ya buɗe baki ba? Ba magana taf fito ba?"

"Ta fito, amma ba amsar tambayar ba ce."

"Karatun ga naku dai! Mutum shi yi magana tun hantsi har azahar, a ce bai amsa ba."

Tun daga ranar man shanu ya daina bayyana a kan tuwona. Ta kuma yafa mayafi ta tafi gidan wanta, ta ce masa, "Yaya, ka hwaɗa musu mana, icce dai ya riga ya hwaɗi." Shi kuwa, bisa ga ruwayarta, ya tambaye ta yadda ciwon gwiwarta yake, ya sa aka ɗebo mata kuka da daddawa, ya rako ta har bakin zaure.

Ni ma na gwada. Wata la'asar muka fito tare, yana tura kekensa don kada ya bar ni a ƙasa, na ce masa a ganina bishiyar ta jama'a ce, majalisar ma ta jama'a ce, don haka jama'a suna da hakkin sanin wanda ya sa aka sare. Na kawo masa misalai daga abin da aka koya mana a kwaleji game da mulkin wakilai. Ya saurare ni har na gama, abin da malamaina ma ba su cika yi ba. Sannan ya ce mini babba yana bukatar ɗaki guda inda zai faɗi shirme a gyara masa tun bai fito ba. Ya ce ya sha ganin mutum ya shiga soro ya gaya wa Maigida cewa ya yi kuskure, a gabansa, kuma abin da ya ba mutumin ƙarfin hali shi ne sanin cewa jakadan da ke tsugune a bakin ƙofa ba zai kai maganar kasuwa ba. Ranar da ya fara kaiwa, in ji shi, ba mai sake shiga soron da gaskiya a bakinsa. Na ce to, idan kuma abin da aka ƙulla a soron zalunci ne fa? Ya ci gaba da tura kekensa har muka wuce majema, sannan ya ce in kula da rami. Har yau ina ganin hujjata tana da ƙarfi, kuma har yau ban iya rushe tasa ba.

Da abin ya ƙi ci gaba, Alhaji ya farka da wata dabara. Tun da shaida ya ce zai yi magana in an ba shi izini, me zai hana a nemi izinin? Kowa ya yi na'am. Na ɗauko takarda na ce zan rubuta wa Maigida wasiƙa yanzu-yanzu. Sai kowa ya dube ni, irin kallon da ake yi wa yaro in ya yi magana cikin manya. Alhaji ya yi mini bayani a hankali, cewa wasiƙa ana aika ta ne ga Bature, ko ga wanda ke wata ƙasa. Dattijon da ke cikin gari, wanda ana iya jin kiran sallar masallacinsa daga nan, in aka tura masa takarda an nuna ke nan ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Saƙon majalisa zuwa ga Maigida da baki ake kai shi, kuma baki ɗaya ne aka sani. Har tela, wanda a lacca yake cewa za su rushe tsofaffin al'adu, ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, ba a yi wa dattijo haka.

Duk ido ya koma kan kawu.

Ya tashi daga tabarmar shaidu, ya zagaya ya zo bakin ƙofa inda jakada ke tsugunawa, ya tsuguna, ya ce, "Ina saurare." Alhaji ya ba shi saƙo kamar yadda aka saba: a gai da Maigida, a ce kwamiti yana neman ya ba jakadansa izinin faɗin abin da ya ji a soro ranar da aka yi maganar itace. Kawu ya maimaita saƙon ba tare da ya sauya harafi ba, ya sa takalmansa, ya hau keke.

Muka zauna jira. Alhaji ya yi gyangyaɗi. Can sai muka ji ƙararrawar keke. Kawu ya shigo, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Na isar. Yana gaishe ku. Ya ce ya ji."

Sannan ya miƙe, ya zagaya, ya koma tabarmar shaidu ya zauna, ya dubi Alhaji kamar wanda ke jiran a gaya masa abin da jakada ya kawo.

"Ya ji, sai mi?" in ji tela.

"Jakada kaka tambaya ko shaida?"

"Duk wanda ad da kunne cikinku!"

"Jakada ya hwaɗi abin da anka ba shi. Shaida kuma bai ji an ce shi yi magana ba."

Wannan ya jefa ni cikin damuwar da ba wanda ya taya ni. Shin mutum ɗaya zan rubuta ko biyu? In na rubuta ɗaya, bayanin zaman zai nuna shaida ya fita ba da izini ba, ya je ya gana da wanda ake bincike a kansa. In na rubuta biyu, na yi ƙarya. A ƙarshe na raba shafin gida biyu, dama na jakada, hagu na shaida, na rubuta a ƙasa cewa waɗannan mutum ɗaya ne. Alhaji ya duba ya ce bai ga amfanin bayanin ƙasan ba, tun da kowa ya san shi.

An sake aikensa a zaman da ya biyo baya, da kalmomi masu ɗan ƙarfi. Ya dawo ya ce Maigida ya ji. An sake, an haɗa da roƙo. Ya dawo ya ce Maigida ya ji ƙwarai. 'Yan hamayya suka ce ba za su ƙara yarda shaida ya tafi shi kaɗai ba, sai an haɗa shi da wakilinsu. Aka haɗa shi da tela. Na ga tafiyarsu ta taga, kawu yana tuƙi, wakilin jama'a yana zaune a bayan keke ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, yana cewa, "Bawana, in ka kada ni, hamayya kak kada."

Abin da ya faru a can daga bakin tela na ji shi, don haka a ɗauke shi da taka-tsantsan. Ya ce da suka isa, aka karɓe shi da girmamawa a zauren waje, aka shimfiɗa masa buzu. Soron ciki kuwa ba a shiga sai an kira mutum, shi kuma ba a kira shi ba, bai kuma ga yadda zai kutsa gidan dattijo ba. Aka kawo masa fura da nono mai sanyi a ƙwarya, wadda ya ce bai taɓa shan irinta ba, kuma mayar da ita rashin kunya ne. Kafin ya ga gindin ƙwaryar kawu ya fito. Suka dawo, kawu ya tsuguna ya ce Maigida ya ji, ya kuma ce a gai da baƙonsa. Tela ya zauna a bencinsa da nauyin ciki, bai yi tambaya ko ɗaya ba a ranar. A laccar la'asar, wadda yanzu ake yi a tsaye cikin rana, wani matashi ya ce an sayi wakilinsu da fura. Tela ya musanta da ƙarfi, ya ce da sayensa aka yi niyya da an haɗa da nama.

Ana cikin haka sai Di'o, Baturen da ke duba al'amuran gunduma, ya aiko cewa yana son ganin rahoto, domin bai fahimci yadda bishiya ɗaya za ta cinye wa majalisa bazara guda ba. Dole a kammala. Masu rinjaye ba za su sa hannu a rahoton da ya taɓa Maigida ko jam'iyyarsu ba. 'Yan hamayya ba za su koma gaban jama'a hannu wofi ba, sai da wani wanda aka hukunta. Aka yi ta ja-in-ja har dillalin tufafi ya ce a sake karanta dokar nan ta ranar farko. Na karanta, aka ce in ƙara ɗaga murya. Da na gama sai na ga abin da ban taɓa gani ba a wannan ɗaki: ɓangarorin biyu suna duban juna da fahimta.

Alhaji, wanda bai so abin ba, ya ba kawu dama ta ƙarshe.

"Malam jakada, ka ji doka. Kalma biyu kawai. Su wa ad cikin soro?"

"Na ji doka, Alhaji. Yaron ga ya iya karatu."

Aka kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu a kan shawarar sallamar jakada saboda ƙin ba kwamiti amsa. Hannaye suka tashi daga dama da hagu. Mutum ɗaya ne ya bar nasa a cinya, shi ne tela. 'Yan jam'iyyarsa suka yi masa ca. Ya ce shi icce ya zo nema wa hakki, ba a kuma gaya masa wanda ya sare ba, sai ga shi ana son a sare masa bawa. Ya ce in rubuta wannan. Na rubuta, kuma wannan karon ba wanda ya ce a goge.

Shawarar kwamiti ba ta zama hukunci sai Maigida ya amince. Na buɗe baki zan sake ambaton wasiƙa, na tuna, na rufe. Kawu bai jira an kira shi ba. Ya tashi ya koma bakin ƙofa ya tsuguna. Alhaji ya daɗe yana gyaran murya kafin ya iya ba da saƙon, kawu kuma ya maimaita shi daidai, har da dalilin sallamar, ya ma gyara wa Alhaji wata kalma da ya tsallake. Ya hau keke ya tafi.

Wannan karon ba mu ji ƙararrawa ba. A ƙasa ya dawo, da farar rigarsa ta gida, ya tsuguna.

"Na isar. Yana gaishe ku. Ya amince."

Ya yi sallama da kowa, ya ce wa tela yana jiran wandonsa, ya fita.

Rahoton da na rubuta ya ce kwamiti bai gano wanda ya ba da shawarar sare bishiyar ba, amma ya ɗauki mataki. Kawu ya sayi mudu, ya zauna cikin ma'auna a inda bishiyar take a dā, ƙarƙashin rumfar zana da suka haɗa hannu suka kafa. Mutane suka riƙa zuwa wurinsa da aiken neman aure da na sulhu, domin an tabbatar, a gaban shaidu kuma a rubuce, cewa abin da aka gaya masa ba ya fita. Mahaifiyata ta ce ya fi samu a haka. Ban iya tabbatar da wannan ba, kuma na lura duk lokacin da sabon jakada ya wuce a kan keken, kawu yakan bi sarƙar da ido, ya ce ba a sa mata mai.

Bayan 'yancin kai da ɗan lokaci Maigida ya rasu. Na je gaisuwa. A zaman makoki babban ɗansa ya jawo ni gefe, muka taɓa tsohon zance, sai ya ce mini abin nan ya daɗe yana ba mahaifinsa mamaki. Ya ce tun aiken farko mahaifinsa ya gaya wa jakada ya je ya faɗa musu duk abin da ya ji, babu abin ɓoyewa, kuma ya amince da sallamar ne don ya zaci jakadan ya gaji da aikin. Na tambaye shi ko yana cikin soron lokacin da aka faɗi haka. Ya ce a'a, daga baya ya ji.

Ban ko koma gida ba, na wuce rumfar ma'auna. Na sami kawu yana auna wa wata tsohuwa gero. Na jira ya gama, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe abin da aka gaya mini na faɗa masa, na tambaye shi ko gaskiya ne. Ya share bakin mudu da tafin hannu.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Kawu. Ni dai nake son sani."

"To, ka gai da innarka."

Na auna maganar ta kowace fuska. Idan ɗan Maigida ya faɗi gaskiya, to kawu ya riƙe saƙon da aka ba shi bai isar ba, wato ya karya ƙa'idar da ya bar aikinsa dominta, ni kuwa ban taɓa ganin ya sauya ko gaisuwa a cikin aike ba. Idan kuma kawu ya isar da abin da aka ba shi daidai, to ɗan yana gyara sunan mahaifinsa ne a ranar makoki, abin da ba zan zarge shi a kai ba, amma ba zan iya kafa hujja da shi ba. Tela yana da ra'ayi, sai dai yana sauyawa gwargwadon wanda ke sauraro. Mutum biyu ne suka san abin da aka faɗa a soron, ɗaya ya rasu, ɗayan yana auna gero.

Shin Maigida ya ba kawuna izinin magana, ko bai ba shi ba?